Takardun Litinin na Baba Mu-duba

Ranar Talata, sha huɗu ga watan Maris, da misalin ƙarfe goma na safe, Allah Ya karɓi ran babban injiniyan sadarwa na kwalejinmu, wanda malamai da ɗalibai suka fi sani da Baba Mu-duba, bayan jinyar wata uku. Ina tsakiyar darasi labarin ya iske ni. Shugaban sashenmu ne ya zo ya tsaya a bakin ƙofa, ya kasa shigowa, ya kasa komawa. Da na dubi fuskarsa sai na ajiye alli. Daga Allah muka zo, gare Shi za mu koma, kowa da ranar da aka rubuta masa.

Yaya, haka nake kiran ka tun shekarar da na kama aiki, kuma haka zan kira ka a wannan takarda. Mutane da yawa sun faɗi alherinka a kwanakin nan, kuma duk gaskiya suka faɗa. Ni kuwa akwai maganar da na gaya maka a ganinmu na ƙarshe wadda ba gaskiya ba ce. Ita ce ta hana ni sukuni har na ɗauki alƙalami.

Wanda bai san ka ba zai so ya ji inda sunan ya samo asali. Ba ka taɓa amsa tambayar aiki da "ina jin" ko "wataƙila" ba. In aka zo maka a guje aka ce intanet ta ɗauke, ko hoto ya tsaya a aji kaza, sai ka ajiye kofin shayinka, ka gyara zaman tabarau, ka ce, "To, mu duba." Shugaban kwaleji ya taɓa kiran ka a fusace yana tambayar laifin wane ne, ka ce masa, "Ranka ya daɗe, mu duba." Daga ranar sunan ya bi ka. Matarka ta ce har jikarku, in takalminta ya ɓace, sai ta riƙe ƙugu a tsakar ɗaki ta ce mu duba.

Da jan waya a cikin silin ka fara, shekara ashirin da bakwai da suka wuce, ba digiri, ba difloma. Ni kuwa na zo da digiri biyu da kai cike da littafi, aka ba ni darasin sadarwar kwamfuta. A makona na biyu ka shigo ajina ka zauna a kujerar baya kamar ɗalibi, da sukudireba a aljihun gaba. Na zana rauta uku a allo, wato na'urorin nan da ke zaune a mararrabar wayoyi suna nuna wa kowane saƙo hanyar da zai bi. Na haɗa su da layuka masu kyau, na yi bayani na awa guda ina jin daɗin kaina. Da aka tashi ka jira har ɗalibi na ƙarshe ya fita, don kada wani ya ji, sannan ka ce, "Malama, zanenki ya fi na'urorin kyau, wallahi. Amma kin taɓa tambayar ɗaya daga cikinsu abin da take ciki?"

Na ce ai na san abin da za ta ce.

Ka yi dariya har da tari. "Ni shekara sha biyar ina tare da su, har yau suna ba ni kunya. Taso mu je ku gaisa."

Ranar na fara shiga ɗakin na'urori. Sanyi ne ya fara tarye ni, sai ƙarar fankoki da ba ta yankewa, sai fitilu kore ƙanana suna ta ƙyaftawa a jere. Kowace waya da 'yar takarda maƙale a wuyanta, da rubutun hannunka mai karkata hagu: daga ina ta fito, ina ta nufa, wace rana aka ja ta. A ɗakin nan na yi karatun da jami'a ba ta ba ni ba, kuma ba ka taɓa faɗa a gaban kowa cewa kai ka koya mini ba. In aka yabe ni sai ka ce, "Ai Malama 'yar littafi ce, mu sai dai mu riƙe mata tsani."

Manyan ɗakunan lacca na kwalejinmu duk a bene suke, hawa na biyu da na uku, kuma ginin ba shi da lif, injin nan mai hawa da mutane bene. Shekara tara ke nan, wata safiya muna fitowa daga ɗakin na'urori muka iske maza huɗu sun ciccibi wata ɗaliba da kekenta na guragu suna hawa da ita. Suna haki, wani yana cewa a bi a hankali, wani yana dariya. Ita kuwa ta rufe fuskarta da littafi. Ka tsaya cak. Da muka isa ofis ka zauna, ka ture shayin gefe. Ka ce, "Malama, 'yar mutane karatu ta zo yi, ba zuwa ta yi a riƙa ɗaukar ta kamar firji ba. In ita ba za ta iya hawa wurin lacca ba, to laccar ta sauko."

Wata huɗu ka yi kana zarya a ofisoshi. Da ka ga batun mutum bakwai ko takwas ba zai motsa kowa ba, sai ka nuna musu cewa babban ɗakin lacca ya yi wa ɗalibai kaɗan, kuma da kyamara ɗaya za a iya kai darasi ajujuwa takwas na sama a lokaci guda. Nan da nan aka sa hannu. Na taran kuwa shi ne wanda kake nufi tun farko: tsohon sito ne a wani ƙaramin gini bayan laburare, wanda ka kwashe tarkacensa da hannunka, ka zuba siminti a bakin ƙofar ya zama gangare, ka kafa babban allon talabijin, ka sa masa rautarsa shi kaɗai. Muka riƙa kiran sa ɗakin ƙasa. A bayan ƙofar ofishinka akwai famfon ba taya iska da sifana biyu, ba don na'ura ba, don kekunan 'yan ɗakin ƙasa. Kuma da za ka ɗaura kyamarar, ka karkata ta yadda agogon bangon babban ɗaki zai fito a kusurwar hoto. Na tambaye ka dalili. Ka ce malami zai iya tsayawa cak yana tunani, mai kallo ya kasa sanin ko hoton ne ya daskare, amma dogon hannun agogo mai ƙirga daƙiƙa ba ya tsayawa tunani.

Maltikas ake kiran wannan dabara ta aika abu ɗaya ga masu karɓa da yawa, kuma ban taɓa jin wanda ya bayyana ta kamar kai ba. Kakan ce wa ɗalibaina, "Malami ɗaya, aji tara. Ba sai ya yi magana sau tara ba. Sau ɗaya zai faɗa, rauta ce za ta raba muryar a inda hanya ta rabu, kuma ajin da ya ɗaga hannu kaɗai za ta kai wa." Sannan ka ɗaga yatsa. "Amma tana da wani hali, ku riƙe shi. Kafin ta karɓi hoton sai ta tambayi kanta: da ni zan je wurin mai maganar nan, ta wace ƙofa zan fita? In hoton ya shigo ta wannan ƙofar, ta karɓa. In ta wata ya shigo, ta zubar, ba ta gaya wa kowa ba. Ba mugunta ba ce. Tsoro take kada saƙo ya yi ta zagaye tsakanin na'urori har ya toshe hanya."

Umarnin da ake bugawa don duba lafiyar wannan aiki ba ka taɓa ba ɗalibi su ya haddace ba. Tambayoyi ka mayar da su, kuma ka dage cewa daga wajen mai sauraro ake farawa, a yi ta komawa baya har a kai ga mai magana. A buga show ip igmp groups a rautar da ke kusa da aji, a ga ko ajin ya ɗaga hannu. A buga show ip pim neighbor, a ga ko rautar ta san maƙwabciyar da za ta roƙa wa hoton. Sai show ip mroute, wanda kake kira babbar tambaya, domin shi ke nuna ƙofar da hoto ke shigowa da ƙofofin da yake fita. In nan aka ga abin da bai kwanta a rai ba, sai a bi shi da show ip rpf, a ji daga bakinta ƙofar da take zaune tana jira.

Duk wannan akwai shi a littafi, ko da ba da irin lafazinka ba. Abin da babu a littafi shi ne al'adarka ta Litinin. Kowace Litinin da safe, kafin ka sha shayi, sai ka bi rautocin nan ɗaya bayan ɗaya, komai yana tafiya daidai, ba wanda ya kawo ƙara, ka buga tambayoyin nan huɗu, ka haɗa da teburin hanyoyi, wato jerin hanyoyin da rautar ta sani, ka fitar da amsoshin a firinta. Ka rubuta kwanan wata a sama, ka huda, ka sa a fayil, ka kulle a durowar ƙasa ta teburinka. Mun yi maka dariya a kan wannan ba sau ɗaya ba, kuma ni ce kan gaba. Na taɓa ce maka, "Yaya, na'ura lafiyarta ƙalau kana ta auna mata zafin jiki. Ka tausaya wa firinta mana."

Ka dube ni ta saman tabarau. "Malama, ranar da ta kwanta, wa zai gaya miki yadda fuskarta take tana da lafiya?"

Na ce ai na'ura tana ajiye tarihinta. Ka ce tana ajiye abin da aka gaya mata, ba ta ajiye yadda take ji.

A farkon Disamba ciwo ya kwantar da kai. Ranar da za ka tafi hutun jinya ka danƙa mini aikin, ka ce abu ɗaya kake roƙo, kada Litinin ta wuce ni. Na yi alkawari. Litinin biyu na yi, takardun ma a kan teburina na bar su, sai jarrabawa da makin ɗalibai suka taso, na ce in na samu sarari zan ci gaba. Ban ci gaba ba.

Cikin hutun zango aka ja sabuwar waya mai sauri zuwa ƙaramin ginin, saboda za a buɗe ɗakin kwamfuta a gefen ɗakin ƙasa. Ni na haɗa ta. Na shiga rautar ginin na rubuta layi ɗaya tak, na ce mata daga yau duk abin da za ta aika babban gini ta bi da shi ta sabuwar ƙofa. Intanet ta yi gudu, aka yi ta sa mini albarka. Ɗakin ƙasa a kulle yake lokacin, allonsa a kashe, ba lacca, ba kowa. Sati shida suka wuce, na manta ma na taɓa wani abu.

Ranar da aka dawo karatu, ajujuwa takwas na sama suka ga malami. Allon ɗakin ƙasa baƙi ƙirin.

Na buga ping, gwajin nan na aika ɗan saƙo a ga ko zai dawo, daga can zuwa kyamara, amsa ta dawo tsaf, sai na ce to hanya lafiya take. Na canza waya. Na canza akwatin da ke bayan allon. Na aro wani allon daga laburare. Na shiga babbar rauta na buga babbar tambayarka, na ga sunan kyamara, na ga lambobi suna gudu, na ga jerin ƙofofin fita, ban tsaya na ƙirga su ba. Sati biyu ina wannan, 'yan ɗakin ƙasa su bakwai suna rayuwa da abin da abokansu suka ɗauko musu a waya, murya can nesa, tari da jan kujera a kusa. Uku daga cikinsu 'yan shekarar ƙarshe ne. Shugaban sashe ya tara su ya ce laccocin bita na jarrabawar fita za su fara Litinin, ashirin ga wata, kuma dole kowa ya halarta. In allo bai gyaru ba, ya samo ƙarti da za su riƙa hawa da su. Wanda bai yarda ba, sai dai ya jira baɗi.

A cikinsu akwai wadda muke kira Lauya saboda bakinta, ɗaliba ce a ajina, kuma ba na jin na taɓa koyar da mai kaifin kai kamarta. Ta matso da kekenta gaba ta ce, "Ranka ya daɗe, a firamare an ɗauke ni, a sakandare an ɗauke ni, har an taɓa kayar da ni. Na zo nan ne don an ce mini nan ba a ɗaukar mutum. Shekara huɗu ba wanda ya taɓa kekena sai Baba, shi ma iska yake ba taya. In sai an ciccibe ni, wallahi gara in koma gida in dawo baɗi." Ba ta ɗaga murya ba. Na san kuma za ta aikata.

Ranar Juma'a da la'asar na zo duba ka a asibiti. Matarka, Anti, tana zaune a gefen gado tana ɓare maka lemo, kai kuwa ka rame har agogon hannunka yana zamewa zuwa gwiwar hannu. Tun a hanya na yanke shawarar ba zan ɗora maka damuwa ba. Muka gaisa, ka tambayi yara, ka tambayi firinta ko ta huta da ba ka nan. Sannan ka ce, "Ɗakin ƙasa fa?"

Na ce, "Lafiya lau, Yaya."

Ka sunkuyar da kai ka dube ni yadda kake duba ta saman tabarau, alhali tabarau ɗin yana kan durowa. "Agogo yana tafiya?"

"Yana tafiya."

Ka ce, "To, madalla." Sannan ka juya ka ce wa Anti in zan tafi ta ba ni makullin durowar ƙasa. Ta zazzage jakarta, ashe a gida ta baro shi. Na ce ba komai, wani zuwan. Ban sake ganin ka da rai ba.

Ranar Alhamis, kwana biyu da rasuwarka, na koma gidanka. Da mutane suka ɗan ragu Anti ta ja ni ɗaki, ta sa mini makullin a tafin hannu ta rufe da nata. Ta ce, "Malama, sau uku yana tuna mini. Kina fita ya ce ɗakin ƙasa ba lafiya, Malama tausayina take ji. Ya ce kada in nuna miki ya gane. To ni na ga gara ki sani, don kada ki ɗauka ya tafi yana ganin laifinki. Cewa ya yi, ba ta makulli kawai, za ta duba."

Ban san yadda na iso gida ba.

Asabar da safe na buɗe ofishinka. Kofinka yana inda ka bar shi, famfon yana bayan ƙofa. Durowar ƙasa da ƙyar ta jawu saboda nauyi. Fayil tara, kowace shekara da nata, Litinin sama da ɗari huɗu. A saman kowace takarda, ƙarƙashin kwanan wata, ka rubuta jimla ɗaya da biro: "Komai lafiya, ɗakin ƙasa yana gani." A takardar ƙarshe, ta Litinin ɗin farko ta Disamba, rubutun yana rawa, wasu haruffan sun hau juna, amma jimlar ta cika.

Na ɗauki fayil ɗin na nufi ɗakin ƙasa. Na iske Lauya a can, don tun da allon ya mutu kullum sai ta zo ta zauna a gabansa da littafinta, wai kada a ce ɗakin ba mai amfani da shi a mayar da shi sito. Na buɗe kwamfutata, na miƙa mata takardarka ta ƙarshe, na ce ta riƙa karantawa ina bugawa. Ta dubi rubutun hannunka. Sannan ta share ido ta ce, "Malama, Baba cewa yake daga mai sauraro ake farawa. Ke daga ina kika fara?"

Na ce daga babbar rauta.

Ta ce, "Allah Sarki. Da ni ce na yi haka da jan biro ya ƙare a kaina."

Muka shiga ƙaramar rautar ginin. Tambaya ta farko, allo da takarda suka zo ɗaya: ɗakin ya ɗaga hannu, yana neman hoton. Ta biyu ma haka, maƙwabciya ɗaya, ta tsohuwar ƙofa, tana nan daram. Na buga ta uku. Lauya ta sa yatsa a takardarka ta karanta: hoto yana shigowa ta ƙofa ta ɗaya, ga adireshin maƙwabciya a gefe. Na dubi allon kwamfuta. A gurbin ƙofar an rubuta Null, wato babu, a gurbin adireshin kuma sifiri huɗu. Na buga ta huɗu, rautar ta ce ba ta da ƙofar da za ta karɓi hoton. Na soma hango inda za a kwana. Na buɗe teburin hanyoyi. Lauya tana bin takarda layi bayan layi, ina bin allo, sai ta tsaya.

"Wannan na tsakiya babu shi a takardar Baba. Ga alama ma da hannu aka sa shi. Wane gwanin ne ya yi wannan aikin?"

Na ce, "Ni ce."

Layina ne na lokacin hutu. Na gaya wa rautar cewa hanyar babban gini ita ce sabuwar ƙofa, ta kuwa yarda, ta koma can ta zauna jiran hoto. Amma ban kunna maltikas a sabuwar wayar ba, don haka ba ta da maƙwabciyar da za ta roƙa ta can, tsohuwar ƙofa kuma ta daina amincewa da ita. Ping ba ruwansa da wannan, shi duk ƙofar da ya samu bi yake, shi ya sa ya yi ta gaya mini lafiya. Wannan darasin na koyar da shi a allo shekara sha biyu, da zane mai kyau. Sati uku yana gabana ban gane shi ba, sai da ka ajiye mini fuskar mai lafiya a gefen fuskar mara lafiya.

Na goge layin. Muka ɗaga kai. Daƙiƙa biyar, shida, sai allon ya yi haske: babban ɗakin lacca ba kowa, kujeru a jere, tagogi a buɗe, can a kusurwa kuma agogon bango, sha ɗaya da minti ashirin, dogon hannunsa yana zagayawa. Lauya ta ce a hankali, "Malama, agogo yana tafiya." Daga nan ba wadda ta iya rarrashin wata. Sai da muka yi mai isarmu sannan ta fyace hanci ta ce, "To yanzu maki nawa za ki ba kanki?" Na ce ta bari sai na ga shugaban sashe tukuna.

Na gan shi, na kuma gaya masa komai, da layin da na sa da Litinin ɗin da na bari. Ranar ashirin ga wata aka fara bita, 'yan ɗakin ƙasa su bakwai kowa a wurinsa, ba wanda aka ɗauka, ba wanda ya koma gida. Sabuwar wayar ma daga baya na kunna mata abin da ya kamata tun farko, ɗalibai suna kallo, ina gaya musu inda na yi kuskure.

Ku ɗalibaina da za ku karanta wannan, da ku da kuka riga kuka fita kuna riƙe da ɗakunan na'urori a wurare daban-daban, ga abin da nake so ku ɗauka daga mutumin nan. Umarnin guda huɗu kowa zai iya haddace su a wuni ɗaya. Amsarsu ce ba ta da ma'ana ga wanda bai taɓa ganin ta a ranar lafiya ba. Ku duba tun ba a kira ku ba. Kuma in kun zauna gaban allo, ku tuna a ƙarshen kowace ƙofar fita akwai mutum zaune yana jira. Shi bai taɓa mantawa ba. Tsawon shekara tara jimlarsa ta Litinin ba ta ƙare da sunan na'ura ba.

Fayil na goma yana kan teburina yanzu. A farkonsa na sa farar takarda guda, na rubuta cewa daga tsakiyar Disamba zuwa tsakiyar Maris ba a duba ba, kuma laifina ne, don wanda zai zo bayana kada ya yi ta neman takardun da babu su. 'Yan shekarar ƙarshe ke bi da bi suna bugawa, ni ina tsaye. Lauya ce ta yi na farko, ta kuma ƙi ba ni biron, ta ce wanda ke ɗakin ƙasa shi ya fi cancanta ya rubuta cewa yana gani.

Yaya, ka yi mini tambaya biyu ranar Juma'a, na ba ka amsar da ban duba ba. Ka gane, ka rufa mini asiri, ka aiko mini da makulli. Ina neman gafararka, ina kuma sake amsawa. Ɗakin ƙasa lafiya lau. Agogo yana tafiya. Yau da safe na duba.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Anti, wadda ta yi jinyarka wata uku ba ta gaza ba, da 'ya'yanka biyar, da jikokinka, da ƙannenka, da abokan aikinka na ɗakin na'urori, da duk wanda ya taɓa zama a ɗakin ƙasa ya fita da takardar shaidarsa kansa a ɗage. Allah Ya ba mu haƙurin wannan rashi, Ya tsaya wa iyalinka, Ya raya abin da ka bari bisa alheri. Allah Ya gafarta maka kurakuranka, Ya sa ciwon da ka sha ya zama kaffara, Ya yalwata kabarinka Ya haskaka shi, Ya sa Aljanna ce makomarka. Kamar yadda ka sauko da karatu ga waɗanda ba su iya hawa, Allah Ya saukar maka da rahamarSa har inda kake kwance. Amin.